Haƙora Hamsin da Takwas

Ranar sunan jikar wani injiniya a unguwar Moss Side, nan ƙasar Turawa, ina zaune a falo da faranti a cinya, wani ɗalibi da ya zo digiri na biyu ya tambaye ni sana'ata. Na ce yanzu a garejin motoci nake, amma na yi shekaru ina bakaniken baburan tsere, irin wanda ake kira speedway. Ya zaro waya ya latsa, ya kalli bidiyon minti ɗaya, ya ɗago yana dariya.

"Baba Habu, wannan ai easy ne. Babur ba birki, ba gear, round huɗu kawai, kuma duk left suke yi. To me bakanike yake gyarawa a nan?"

Sauran samarin suka tuntsire da dariya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da waina, kuma ni ba na gardama a gidan suna. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na dawo gida, unguwarmu ta Longsight. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin shi da ire-irensa masu sanin komai a minti ɗaya.

Ta wani fannin yaron yana da gaskiya. Babu birki, giya kuma ɗaya ce. Mutum huɗu ke tashi a kowane tsere, biyu namu biyu nasu, su yi zagaye huɗu a fili mai siffar ƙwai da aka shimfiɗa wa wata jar tsakuwa kamar marmara. Na ɗaya maki uku, na biyu maki biyu, na uku ɗaya, na huɗu ya tashi a tutar babu. Tsere goma sha biyar ake yi a wasa guda. Tunda ba birki, da totur da ƙafar hagu mahayi yake shan kwana, tayar baya tana zamewa gefe tana watsa wa 'yan kallo tsakuwa, su kuwa har murna suke. Abin da ba a gani a waya shi ne, babur ɗin da ba shi da komai, ɗan abin da yake da shi dole ya zama daidai. Kuma da alƙali ya kunna agogon minti biyu, in mahayinka bai isa layin tashi ba, kai bakanike kai kowa zai juyo ya kalla.

Ni matata ce ta kawo ni ƙasar nan. Hajara ta samu gurbin karatun digiri na uku a fannin haɗa magunguna, ni kuma na biyo ta da akwati da sifanonina. Na samu aiki a wani kamfani da ke gyara wa ƙaramar hukuma motocin kwasar shara. Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Laburaren unguwarmu ya koma buɗewa kwana uku a mako, aka rufe wurin wasan yara, sannan aka zo kanmu. Ranar da aka sallame mu, wani tsohon Bature da muke aiki tare, Ron, ya same ni ina tattara kayana.

"Abu," haka suke kirana, "ka ce a garinku babur kake gyarawa? Ɗana yana neman bakanike. Ni na yi masa shekara goma sha biyar, yanzu ko shayi ba ma iya sha tare ba mu yi faɗa ba. Je ka gwada, kai kana da haƙuri."

Sunan ɗan nasa Dean. Shekararsa talatin da shida a lokacin, kuma babu ƙashin da bai taɓa karyawa ba daga wuya zuwa idon sawu. Da yana matashi ya hau wa ƙungiyar rukuni na ɗaya, amma lokacin da na san shi ya sauko rukuni na biyu, yana hau wa wata ƙungiya a Birmingham. Gidansa a unguwar Gorton, da ɗan ɗakin katako a baya inda baburansa biyu ke kwana. Ranar farko na zagaya babur ɗin sau uku, na duba gaba na duba baya, sannan na yi masa jaje da zuciya ɗaya. Na ce Allah ya mayar da alheri, amma ɓarayin unguwar nan ba su da imani, har birki suka kwance. Ya yi dariya har ya shaƙe. Nan take ya ce na samu aikin, wai ya gaji da kanikawan da suka san komai.

Aikin da na fara koya wanki ne, kuma shi ne rabin sana'ar. Bayan kowane wasa sai ka warware babur tas, domin tsakuwar nan ba inda ba ta shiga. Ka ciro kuloci ka goge farantansa ɗaya bayan ɗaya. Ka wanke kafireto, ka juya tayar baya don a ci ɗaya gefen, ka zuba sabon mai. Man injinsu na zurma ne, in ya ƙone yana wani ƙamshi da ke bin mutum har gida, har 'yarmu Ikram ta daina yarda in ɗauke ta sai na canja riga. Sannan ga hanya. Duk mako mu loda baburan a motar ɗaukar kaya mu kama babbar hanyar Birmingham, ban da wasannin waje. Mun taɓa tafiya har Scotland, muna isa ƙofar fili ruwa ya ɓarke, aka ɗage wasan, muka juyo ko kaya ba mu sauke ba. Kafin wata biyu Dean ya fi ni kiyaye lokacin la'asar. Shi zai ratse wurin hutawar matafiya ya ce, "Abu, lokaci ya yi," ya zauna yana cin burodinsa da cuku har in idar.

Yanzu ku kasa kunne, don a nan labarin yake. A tayar baya akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora wanda cen, wato sarƙar babur, ke hawa. Tunda giya ɗaya ce, da wannan faifan ake sarrafa babur. Faifai mai haƙora da yawa yana sa babur ya zabura da sauri a tashi, amma numfashinsa ya ƙare da wuri. Mai haƙora kaɗan kuwa nauyin jiki gare shi a tashi, sai an miƙe hanya yake buɗewa. Haƙori ɗaya tak yana iya raba na ɗaya da na huɗu. Muna da su a akwatin katako, daga mai hamsin da biyar zuwa mai sittin da ɗaya. Wasa uku kacal na yi a filinmu na Birmingham na gane cewa nauyin Dean da injinsa da wannan fili, hamsin da takwas suke so, ko ana rana ko ana yayyafi.

Sai dai Dean yana da wata cuta, ba ya iya barin abu yadda yake. In ya zo na uku, tun bai cire hular kwano ba zai ce, "Abu, ƙara haƙori ɗaya." In ya zo na ɗaya ma sai ya ce fili ya canja, a rage ɗaya. Watan farko duk abin da ya ce shi nake yi, shi ne mai babur. Kullum mu fara da kyau mu ƙare da kunya.

Ga shi shekarar ba ta wasa ba ce. 'Yan kallo sun ragu, mutum ba zai rasa aiki kuma ya kwaso iyali kallon babur ba. Masu tallafa wa ƙungiya suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tun farkon kakar wasa mai ƙungiyar ya tara mahayansa bakwai ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: lig kam ya san ba za su ci ba, amma in suka kai wasan ƙarshe na gasar kofi, fili zai cika, zai riƙe su duka baɗi. In ba su kai ba, zai rushe ya sake gini da matasa. Bai kalli kowa ba da yake faɗa, amma kowa ya san wanda ya fi tsufa a cikinsu.

A nan ne na tuna maigidana na Kano, Malam Ɗanlami, wanda na koyi gyara a hannunsa a Ƙofar Ruwa. Akwai wani ɗan acaɓa da ya dawo mana sau uku a mako guda, wai babur ɗinsa ba ya ja. Malam ya hau ya zaga, ya ga lafiyarsa ƙalau. Bai yi gardama ba. Ya ce mutumin ya zauna a benci. Ya kwance murfin gefe, ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya yi tsaki, ya goge, ya mayar da komai yadda yake. "Je ka gwada." Mutumin ya dawo bakinsa har kunne, wai kamar yau aka ciro shi a kwali. Malam bai karɓi komai a hannunsa ba. Da ya tafi ya ce da ni, "Habu, wani lokacin babur lafiyarsa lau, mai shi ne ke son a taɓa."

Na fara gwadawa a farkon watan Mayu. Dean ya zo na biyu a tserensa na farko, ya shigo yana huci. "Sauke zuwa hamsin da bakwai." Na ce to. Al'adarsa in ya ba da umarni sai ya wuce bakin shinge ya tsaya da kyaftin ɗin ƙungiyarmu suna nazarin ƙasa. Na ciro taya, na buɗe akwati, na kaɗa faya-fayan nan suka yi ƙara yadda zai ji daga can, na riƙe sifana a baki kamar mai tsananin sauri, na mayar da hamsin da takwas ɗina na ɗaure. Ya hau ya fita. Tun daga kwanar farko babu wanda ya sake ganin gabansa. Ya dawo ya rungume ni da duk ƙurar jikinsa.

"Ka ji bambanci kuwa?" na tambaye shi, don ni ma ina son in sani.

"Bambanci? Abu, wannan wani babur ne daban!"

Daga ranar na zama gwani. Wani lokacin har gardama nake yi masa kaɗan, in ce anya, don abin ya yi armashi, sannan in sallama in mayar da abin da na cire. Makinsa ya hau. Ya ce faya-fayan nan suna da albarka a filin gida, ya sayo jan fenti ya shafe su duka, ya kafa doka ba a fita da su wasan waje, ya samo wasu daban don tafiya. Ni na riƙe masa gwangwanin fentin.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne littafin. Dean yana da wani baƙin littafi mai roba a jiki. A hanyar dawowa ni ke tuƙi, shi kuma ya buɗe shi a cinya ya rubuta komai: yanayin rana, laushin ƙasa, faifan da ya hau a kowane tsere, da matsayin da ya zo. "Tsere na uku da wanne na fita?" Ni kuma in faɗa masa wanda ya ce in sa. Me zan ce? Na ba Hajara labarin ina dariya, ita ba ta yi ba.

"Abban Ikram, wannan fa data fabrication ne, ƙirƙirar bayanan ƙarya. A uni korar mutum ake yi a kansa."

"Haba Dakta, ku ba kwa ba marar lafiya ƙwayar da ba komai a ciki ya warke?"

"Muna bayarwa, amma mu mun san wanda muka ba. Kai ka bar mutum yana rubuta results na ƙarya da hannunsa. Wata rana wani zai karanta."

Na ce ba mai karantawa, rubutun Dean ko shi da kansa da ƙyar yake ganewa. Ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

A lig muka ƙare a tsakiya, ba yabo ba fallasa. Amma a kofi muka yi ta wucewa. Shi kofi gida da waje ake yi, a haɗa makin wasa biyun. Muka kai wasan kusa da na ƙarshe a watan Satumba. A gidan abokan karawarmu suka ci mu da ratar maki huɗu, abin da za a iya ramawa. Wasa na biyu a Birmingham, ranar Lahadi da rana, kwana biyu bayan Babbar Sallah.

Ranar Sallah mahaucin kasuwar Longsight ya ba mu naman layya a manyan yanka, saboda layi ya yi masa yawa. Hajara ta ce a bari gobe a mayar masa ya sassara. Na ce haba, mutumin da ke warware inji wuƙa ce za ta gagare shi? Ɗinki shida aka yi mini a tafin hannun dama. Na yi awa huɗu a asibiti da babbar rigata ta Sallah. Da na kira Dean ya ce ba komai, zai roƙi babansa ya riƙe sifana, ni in tsaya a gefe.

"Ai da sauƙi ma," in ji shi. "Komai yana cikin littafi."

Ranar Lahadi mu uku muka jeru a gaban mota, Dean na tuƙi, ni a tsakiya da hannu a naɗe, Ron a bakin taga da littafin a cinya da tabarau a karan hanci. Mako guda ba a yi ruwa ba. Ron yana ta juya shafuka yana neman ranakun da fili ya bushe.

"To ga shi ƙarara," ya ce. "Duk ranar da aka yi rana, kuna farawa da hamsin da takwas ku sha wuya, sai kun sauko hamsin da shida yake ci. Me ya sa ba kwa farawa da shi tun farko?"

Na yi gyaran murya na ce ni dai a ganina a fara da hamsin da takwas ɗin, a ga yadda ƙasa take.

"Abu, yau ba ranar gwaji ba ce," in ji Dean. "Kai da hannunka ka ɗaura mini hamsin da shida sau huɗu, sau huɗu ina ci. Ko ƙarya ne?"

Ga tambaya an yi mini ita tsirara, a Gorton, ba mu ko hau babbar hanya ba. Tafiyar kusan awa biyu ce a gabanmu. Mun tsaya na yi azahar, Ron har ya riƙe mini butar roba saboda hannuna, mu biyu kaɗai a bayan mota. Ban faɗa ba. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba. Ta yaya zan kalli mutum a gaban ubansa in ce masa littafin da ya yi wata biyar yana rubutawa, rabinsa wasan kwaikwayona ne? Na yi ta gaya wa kaina cewa haƙori biyu ba wani abu ba ne, alhali ni na fi kowa sanin ƙarya nake.

Fili ya cika fiye da yadda na taɓa gani a shekarar. Ron ya ɗauko hamsin da shida daga akwati, ya ɗan juya shi a hannu, ya ɗaura. Tsere huɗu aka rubuta wa Dean. A na farko, ana ɗage igiyar tashi sauran ukun suka yi gaba, nasa babur ya tsaya yana nishi kamar motar da aka yi wa lodin siminti. Kafin ya buɗe sun sha kwana. Zagaye huɗu yana shan tsakuwarsu, ya zo na huɗu. Ya shigo ya jefar da safar hannu.

"Fili ya fi yadda muka zata bushewa. Baba, sauke zuwa hamsin da biyar."

Bisa hankalin littafin, daidai ya faɗa. Ron ya ɗauko hamsin da biyar, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kalle ni ta saman tabarau. Ni kuwa na duƙufa nazarin bandejina. Ya ɗaura. A tsere na biyu har wani tsoho a bakin shinge ya ɗaga murya ya tambayi Dean ko a zo a tura shi. Ya sake zuwa na huɗu. Manajanmu ya tsaya da takarda a hannu yana cizon biro, ratar da muka zo ramawa sai ƙaruwa take.

Dean ya wuce bakin shinge shi kaɗai, ko kyaftin bai kula ba. Ron ya kamo hannuna mai lafiya ya ja ni bayan mota, ɗaya hannun nasa riƙe da faifai biyu. Ya ɗaga na farko.

"Wannan hamsin da bakwai ne. Littafi ya ce an hau shi kusan kowane mako. Dubi fentin haƙoransa, ko ƙwarzane babu. Biyun da na ɗaura yau ma haka na same su." Ya ɗaga na biyu, wanda fentinsa ya goge tas har ƙarfen yana sheƙi. "Wannan kuwa ya ga duniya. Tun yaushe?"

"Tun Mayu," na ce. Ina jiran zagi.

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Ni da kafireto nake yi masa," ya ce. "Shekara goma sha biyar. Amma ni ban taɓa barinsa ya rubuta ba, kai sakarai. Littafinsa na farko a kwata na jefa shi. Kana tsammani a kan me muka yi faɗa?" Dariyar ta ɗauke. "Me ya hana ka gaya mini da nake riƙe maka buta?"

Bai jira amsata ba, ya juya ya shiga aiki.

Abin da na gani bayan nan, wallahi Malam Ɗanlami da kansa sai ya cire hula. Ron ya dangwali baƙin mai ya murje hamsin da takwas ɗin nan da ƙasa har lambar ta ɓace, ya naɗe shi a tsumma ya cusa a jakarsa. Ya jira sai da Dean ya dawo, sannan ya shiga jan tsaki, yana shafa ƙeya, wai shi bai so a kai ga haka ba. Ya leƙa hagu da dama, ya zaro ƙunshin a hankali. Wai wani tsohon bakanike ɗan ƙasar Poland ne ya ba shi tun Dean yana goye, yankan haƙoransa daban ne, ya yi alkawarin ba zai fito da shi ba sai ranar da babu yadda za a yi.

"Haƙora nawa ne?" in ji Dean.

"Ba ruwanka. Kai dai hau."

An kunna agogon minti biyu Ron yana ɗaure noti na ƙarshe. Ni da hannu ɗaya na tura babur ɗin ya tashi. Aka ɗage igiya, Dean ya fita kamar an harbo shi. Ya ci wannan, ya ci tsere na huɗu ma, kuma a na huɗun ta waje ya zagaye kyaftin ɗinsu a kwanar ƙarshe, kafaɗarsa tana gugar shinge. Fili ya ɗauki ihu. Tsohon da ya yi masa tayin turi ya fi kowa tsalle. Ni kaina sai da na tafa, na manta da ɗinki, na yi ƙara aka zata murna ce.

Da aka haɗa makin wasa biyu, da maki biyu suka fitar da mu. Ku da kuka iya lissafi ku duba: da ko sau ɗaya Dean ya zo na uku a tseren farkon nan biyu, mu ƙaru da ɗaya su ragu da ɗaya, da an yi kunnen doki. Da hamsin da takwas kuwa, ko a mummunar ranarsa bai taɓa zuwa na huɗu a filin nan ba.

A watan Nuwamba mai ƙungiyar ya kira shi a waya, ya gode masa da kalmomi masu daɗi, ya sallame shi. Dean ya buga wa ƙungiyoyi uku ko huɗu waya, kowa ya ce zai kira. Kafin ƙarshen shekara ya sayar da baburan ya fara aikin kai kaya gida-gida. Na sami Ron na ce zan je in faɗa wa Dean gaskiya, abin yana hana ni sukuni.

"Don ka ji sauƙi kai, ko don shi?" ya ce. "Yanzu yana ganin fili ne ya juya masa baya, kuma ya ƙare da cin tsere biyu a gaban jama'a. Ka bar masa wannan."

Na bar masa. Ko daidai na yi, Allah ne masani.

Wata Asabar cikin sanyi ya zo gidanmu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce masa ba, Hajara ta zubo masa shinkafa da miya, yana ci yana share hawayen yaji yana cewa a ƙara. Can ya sa hannu a aljihun riga ya ciro baƙin littafin ya ajiye a gabana.

"Na ji wani yaro a Sheffield yana nemanka baɗi," ya ce. "Ka tafi da wannan. Duk abin da na sani a sana'ar nan yana ciki. Kada ya sha wahalar da na sha."

Na ji idon Hajara a gefen fuskata, na ƙi juyawa. Ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mini da yatsa. A wurin lamba ya rubuta faifan Baba, ya ja layi biyu a ƙasa, ga na ɗaya, na ɗaya a gefe.

"Ka ga wannan, Abu? Shekara ashirin ina hawa, ban taɓa jin babur ya zauna mini haka ba. Da tun watan Mayu muka same shi, babu wanda ya isa ya sallame ni."

Na ce masa haka ne. Hajara ta miƙe ta fara kwashe kwanuka, alhali baƙon bai gama cin abincinsa ba.